Wata uku kafin baje koli: yadda ake shirya zanen akirilik a cikin hunturu

Tambaya: Malam, an ba ni dama in baje kolin zane-zanena a Abuja tsakiyar watan Maris, kuma wannan ne karon farko da zan cika ɗaki ni kaɗai. Sun ce in kawo zane 20. Da fentin akirilik nake aiki, a Zariya nake zaune, wata uku ke gabana. Ta ina zan fara, kuma yaya masu zane ke tsara aikinsu kafin irin wannan rana?

Amsa: Ƙanena, Allah ya sanya alheri, ya sa a yi a sa'a. Ka fara da gyara lissafinka. Cikin wata ukun nan, biyu ne kawai na riƙe buroshi. Na ukun na bushewar fenti ne, da shafa banish (shafin kariya garai-garai da ake yi wa zane a ƙarshe), da ɗaukar hoto, da kafinta, da mota. Ka ɗauko kalanda ka sa yatsa a kan ranar da za a rataye zanen a bango, sannan ka riƙa ƙirgowa baya. Ranar ratayewa kan riga ranar buɗewa da kwana biyu ko uku. Kafin ita akwai tafiya. Kafin tafiya akwai naɗe kaya, kuma ba a naɗe zanen da banish ɗinsa bai yi aƙalla mako guda yana shan iska ba, mako biyu ma ya fi. Kafin banish fentin kansa yana son ya huta. Idan ka gama ƙirgen za ka ga ka dira a wajen tsakiyar Fabrairu. Wannan ita ce ranar ajiye buroshi. Ka rubuta ta da babban baƙi a bangon ɗakin aikinka inda za ka riƙa ganinta kullum.

A cikin makon nan, kafin ka sayi ko yadi ɗaya na ƙyalle, ka shiga mota ka je ka ga ɗakin da idonka. Hoton da za su turo maka ta WhatsApp ba zai nuna maka tsayin rufi ba, ba zai nuna maka ginshiƙin da ya tsaya a tsakiya ba. Ka tafi da abin awo. Ka auna kowane bango, ka cire wurin ƙofa da taga da makunnin wuta, ka zana taswirar ɗakin a littafinka. Ka auna faɗin ƙofar shiga, in akwai matakala ka duba kwanarta. Ka tsaya a bakin ƙofa ka lura da bangon da ido ke fara sauka a kai, domin nan ne wurin zanenka mafi ƙarfi, kuma girmansa daga wannan bangon za ka ɗauko shi. Ka dubi fitilunsu, farare ne ko masu ja-ja. Ka tambaye su ko suna yarda a buga ƙusa ko waya suke saukowa da ita daga sama. Ka tambaye su yaushe suke son hotunan zanen domin katin gayyata da ɗan littafin baje kolin, don sau da yawa wannan ranar ce ke zuwa wa mai zane ba zato, makonni kafin buɗewa. Abu na ƙarshe da za ka auna shi ne bayan motar da za ta kai kayan. Zanen da ya fi ƙarfin motar da kake iya ɗauka, kuɗin kai shi na iya cinye ribarsa.

In awon ya nuna maka cewa zane 20 za su cunkushe, ka gaya musu tun yanzu. Zane 14 da kowanne ya sami sarari sun fi 20 da ke gogayyar kafaɗa. In kuwa 20 ɗin sun dace, to ka shirya ƙyalle 24 ko 25, saboda ba duk wanda ka fara ba ne zai yi kyau, kuma kana son ranar zaɓe ta same ka da abin da za ka ajiye gefe.

Sai maganar me za ka zana. Baje kolin mutum ɗaya ya bambanta da na taro, inda kake kai zanenka biyu mafi kyau ka koma gefe. A nan mai kallo zai zagaya ɗakin yana neman zaren da ya ɗinke su. In ya ga doki a nan, kasuwa a can, fuskar tsohuwa, sai kuma zubin launi marar siffa, zai fita yana cewa yaron ya iya, amma ba zai tuna komai ba. Ka zaɓi abu ɗaya ka nutsa cikinsa. Kai da ke Zariya ba ka da uzurin rashin abin kallo: zanen bangon gidajen cikin birni, bakan gizon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, kayan dawakin hawan sallah, karofin marina, zayyanar allo. A garin nan ne a 1958 ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyarsu a kan cewa a ɗauki dabarar da aka koya a aji a zuba mata abin gida. Okeke ya koma ga uli, zanen gargajiya na mutanensa Ibo, ya yi ta haƙa har ya zama hannunsa. Ka ba kanka kwana goma na ƙananan zane a takarda, masu faɗin tafin hannu, da yawa, ba tare da tsoron ɓatawa ba. A nan za ka tsayar da launuka biyar ko shida da za su ratsa dukan aikin. Taƙaita launi shi ne hanya mafi sauƙi ta sa zane 20 su zama 'yan gida ɗaya, kuma yana rage maka kuɗin fenti.

A daidai wannan lokacin kafinta ya kamata ya kasance yana aiki. Ka ba shi awon duka a zama ɗaya, kuma ka tsaya kai da fata a kan busasshen katako. Ɗanyen katako in ya sha iskar hunturu sai ya murɗe, ka rataye zane ka ga kusurwa ɗaya ta ɗago daga bango, kuma babu dabarar da za ta kwantar da ita. Ka ce ya fere fuskar katakon ta gangara ciki, yadda ƙyallen zai taɓa bakin waje kawai. In bai yi haka ba, duk sanda buroshi ya bi ta kan katakon zai bar layi a zanen. Gefen da ya kai mita ɗaya a sa masa katakon tokari a tsakiya. Kafin ka biya shi, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta nan da ta can. In awon biyu bai zo ɗaya ba, katakon ya karkace, a gyara. Ƙyalle kuwa ka nemi na auduga mai nauyi, mai matsattsiyar saƙa. Akoko mai kauri yana yi wa ƙananan zane in ka wanke shi sitacin ya fita, amma ga manya yana saki. Wajen ɗauri ka fara daga tsakiyar kowane gefe, ka buga nan ka tsallaka ka buga na gabansa, kana matsawa zuwa kusurwa a hankali. In ka gama ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji ya amsa.

Na san yadda yawancinmu muka saba shafe ƙyalle: farin fentin bango a kwaɓa da farin gam na kafintoci. Ga aikin aji babu laifi. Ga zanen da mutum zai biya kuɗi ya kai gidansa, ban yarda da shi ba. An yi fentin bango ne domin siminti da ba ya motsi, alli ya yi masa yawa, danƙo ya yi masa kaɗan, ƙyalle kuwa kullum cikin miƙewa da saki yake, don haka bayan 'yan shekaru sai tsaga ta bayyana daga ƙasa. Ka sayi jeso na akirilik, farin shafin da aka yi musamman domin wannan aiki. Shafi uku, na farko da ɗan ruwa don ya shiga saƙa, kowanne ya gitta na bayansa, ka bi da samfefa mai laushi a tsakani in kana son santsi. Idan salonka na zuba launi mai ruwa-ruwa ne ko farare masu yawa, ka fara da shafi biyu na madiyom mai sheƙi, wato ruwan robar akirilik marar launi, kafin jeso. Dalili shi ne ruwan fenti yana jiƙa ƙyalle ko katako ya jawo dattin da ke cikinsu zuwa sama sa'ad da yake bushewa, sai farinka ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ka shafe ƙyallayen duka a mako ɗaya ka jera su, kada tsakiyar aiki ta same ka kana jiran jeso.

Yanzu bari in tsaya a kan fentin kansa, domin duk shawarar da za ta biyo baya daga halinsa ta fito. Akirilik ba tsohon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1940 aka fara sayar wa masu zane wani nau'insa a Amurka mai suna Magna, wanda ba a tsinka shi da ruwa, sannan a tsakiyar shekarun 1950 Liquitex ya fito da irin wanda muke amfani da shi yau. Abin da ke cikin bututun nan garin launi ne da ƙananan ƙwayoyin roba da ke yawo a cikin ruwa, kuma ruwan ya kai kusan rabi. In ka shafa, ruwa ya fara tashi, ƙwayoyin robar su matso su manne da juna su riƙe launin a tsakaninsu. Daga nan ruwa ba ya sake narkar da shi. Matsalar ita ce sama ke fara rufewa. Kamar malmalar tuwo ce da aka kwashe: waje ya yi ɓawo, ka taɓa ka ji ya sandare, ciki kuwa da sauran zafi da laushi. Siririn shafi kan bushe a taɓa cikin minti 10 zuwa 20, amma ruwan da ya maƙale a ƙasa yana ɗaukar kwanaki kafin ya fita, mai kauri da aka ɗora da wuƙa kuwa makonni. Wannan saurin bushewar sama shi ke yaudarar mutane su yi zane daren tafiya, su naɗe shi da safe, su iske leda ta manne a fuskarsa a Abuja.

Kai kuma a hunturu za ka yi aikin, lokacin da danshin iska a Zariya da Kano kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Lokacin bushewa da aka rubuta a jikin bututun ba a irin wannan busasshiyar iska aka auna shi ba. A nan, fentin da ka matso kan yi fata kafin ka gama haɗa launi na biyu. Ka yi wa kanka farantin da ba ya bushewa: samo faffaɗar roba mai murfi marar zurfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso siriri ko tsumma a ƙasa, ka ɗora takardar gashin burodi a kai, ka matsa fentinka a kan takardar. Danshi zai riƙa ratsowa daga ƙasa, in ka rufe da dare ka iske shi da rai da safe. Ka riƙa wanke soson duk 'yan kwanaki don kada ya yi wari. Ka ajiye kwalbar feshi a hannun hagu, kana yi wa faranti da fuskar zanen raɓa-raɓa, ba jiƙawa ba. Akwai ruwan jinkirta bushewa da ake sayarwa, yana da amfani wajen narkar da launi cikin launi, amma kada ya wuce kashi 15 cikin 100 na fentin, in ya wuce sai shafin ya yi ta danƙo ya ƙi kamawa. Ka kashe fanka sa'ad da kake shafi. Aikin da ke son haɗa launi a jiƙe, irin sararin sama ko fatar fuska, ka yi shi da sassafe bayan asuba ko da dare, ka bar tsakar rana ga layuka da ƙananan gyare-gyare. Buroshi kuwa kada ka ajiye shi da fenti ko na minti biyar, in ya bushe a gindin gashin ya tafi ke nan. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, ƙwayoyin robar ba sa mannewa da kyau. Wannan ya fi shafar mutanen Jos, amma a daren da sanyi ya tsananta kada ka bar ɗanyen zane a waje ko a bakin taga.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarka. Akirilik ko ya bushe fuskarsa tana da ɗan laushi, zafi na ƙara mata, ga shi tana jan ƙura. Wadda ta zauna a kan ɗanyen fenti ta zama ɓangaren zanen har abada. Ka daina shara da tsintsiya a ɗakin, ka koma goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, kuma da yamma bayan an tashi, ba da safe kafin a fara ba. Ka rataya jiƙaƙƙen zani a tagar da iska ke shigowa, zai tare ƙura ya kuma ƙara wa ɗakin danshi. Zanen da ya bushe a taɓa ka jingina shi fuska na kallon bango, bakin sama kawai ke taɓawa, ka ɗora shi a kan guntayen katako don kada ya zauna a ƙasa.

Za ka kuma lura launi yana duhu in ya bushe. Robar da ke cikinsa fara ce sa'ad da take jiƙe, in ruwa ya fita sai ta koma garau, hasken da ta ara wa launin ya tafi. An fi ganin haka a shuɗi da kore da ruwan ƙasa masu duhu. Saboda haka gyaran wuri ɗaya a tsakiyar faffaɗan shafi yana da wuya: ka haɗa ya yi daidai a jiƙe, ya bushe ya zama tabo. Maganinsa, duk launin da zai ci wuri mai faɗi ko zai bayyana a zane fiye da ɗaya, ka haɗa shi da yawa a kwalba mai murfi, ka shafa kaɗan a jikin murfin, ka rubuta abin da ka zuba da yawansa. Ka ajiye guntun ƙyalle mai jeso kusa da kai na gwaji, ka shafa, ka jira ya bushe, sannan ka yanke hukunci. Ragowar kwalaben nan kada ka zubar, za su bi ka Abuja.

Ruwa yana tsinka akirilik, amma yana tsinka danƙon da ke riƙe shi ma. A shafin farko a kan jeso, inda ƙyalle ke shanyewa, ka sa ruwa yadda kake so. A saman shafuffukan da suka riga suka rufe, in kana son launi mai nuna na ƙasansa, ka tsinka da madiyom. Kuma ka tuna akirilik ba ya zama a kan fentin mai, ko da yake fentin mai yana zama a kansa, don haka kada ka ɗauko tsohon zanen mai ka ce za ka rufe shi ka sake amfani da ƙyallen.

Yadda na fi ganin aiki na tafiya shi ne a riƙa zane huɗu ko biyar a lokaci ɗaya. Ka jera su, ka kashe farin dukansu da launin ƙasa guda, ka tsayar da manyan siffofi da wurin haske da duhu, sannan ka riƙa zagayawa. Wanda ya cije maka ka juya shi bango ka koma na gaba, bayan kwana uku za ka gan shi da sabon ido. Haka launin da ke bakin buroshinka ke ratsa su duka ba tare da ka yi niyya ba. Ka fara da manyan tun ƙarfinka na nan, kuma duk mai fenti mai kauri ya kasance cikin rukunin farko don ya sami lokacin bushewa. Kada saurin fentin ya sa ka ɗauka dole kai ma ka yi sauri. David Hockney na Ingila, a zanensa na akirilik na 1967 mai nuna fantsamar ruwa a wurin ninƙaya, ya shafe faffaɗan wurare a miƙe, amma fantsamar kaɗai ta ci masa kusan mako biyu da ƙananan buroshi. Ka san inda zanenka ke son a zauna masa, ka ba wurin haƙƙinsa, sauran ka bar su su huta.

Game da sayen fenti, in kuɗi bai kai ba ka yi shafin ƙasa da na ɗalibai, ka ajiye mai kyau domin sama. Ka koyi karanta bayan bututu. Akwai lambar garin launin: PW6 farin titaniyom ne, PB29 shuɗin altiramarin, PB15 shuɗin talo, PY42 rawayar ƙasa, PR101 jan ƙasa. Waɗannan duka suna jure rana. Akwai kuma alamar jure haske, I ko II su ne abin nema. Launuka masu ƙyalli irin na rigar 'yan kwana-kwana suna da daɗin ido a ranar buɗewa, amma suna kodewa da wuri, balle a hasken ƙasarmu. Wanda ya sayi zanenka amana ya ɗauka, bai kamata bayan shekara uku ya ga jan ya koma fari-fari ba. Launuka masu kadmiyom da kobal kuwa, waɗanda ƙarafa ne masu guba, kada ka fesa su, kada ka goge su da samfefa a bushe kana shaƙa, kuma ruwan wankin buroshi kada a zuba inda kaji da awaki ke sha.

In kana aiki da dare, ka sa farin ƙwan fitila mai kama da hasken rana, wanda aka rubuta 5000K a kwalinsa, domin a ƙarƙashin ja-jan ƙwai rawaya kan ɓace maka ka yi ta ƙara ta. Kowace Juma'a ka jera duk abin da ka yi, ka ja baya iyakar ɗakin, ka zauna ka kalla ba buroshi a hannu. Ka ɗauki hoto da waya ka mai da shi baƙi da fari, nan take za ka ga zanen da haskensa da duhunsa suka cakuɗe. Wajen mako na shida ka kira mutum ɗaya da ka yarda da idonsa, wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. Mutum ɗaya na ce, domin in suka yi yawa kowa zai ja ka gefensa.

Ranar ajiye buroshi in ta zo, ka ajiye. Ka fitar da su duka ka zaɓa bisa taswirar ɗakin nan da ka zana, wanda ya fita daga zaren ka cire shi ko da kana sonsa. Ka sa hannu da fenti, ƙarami, a wuri ɗaya a dukansu. A baya ka rubuta sunanka, sunan zanen, shekara, irin fentin, da girma a santimita, tsayi kafin faɗi, amma a jikin katako ko bakin ƙyallen da ya naɗo baya, domin tawadar alƙalamin maka (marker) tana iya ratsowa gaba. Sannan ka ɗauki hoto kafin banish, tun sheƙi bai fara mayar da haske ba: a inuwa da safe, zanen a tsaye, kyamara daidai tsakiyarsa.

Banish shi ne inda aikin wata biyu ke iya lalacewa cikin minti goma, don haka ka natsu. Amfaninsa biyu ne. Yana daidaita fuskar zanen, domin wasu launuka kan bushe da sheƙi wasu a dushe, kuma yana karɓar ƙura a madadin fentin, ta yadda bayan shekaru za a iya wanke shi a sake wani. To amma abin da ke cire banish yana iya cin fentin, shi ya sa ake fara sa shafin tsakani wanda ba ya fita: madiyom mai laushi mai sheƙi kashi biyu, ruwa kashi ɗaya, a gauraya a hankali, a bar shi ya kwana kumfa ta kwanta. Siririn zane ka ba shi aƙalla kwana uku kafin wannan shafin, mai kauri mako biyu. In ka rufe ruwa a ciki, zai fito maka kamar hazo a wuraren duhu. Bayan shafin tsakani ka jira kwana ɗaya ko biyu. Ranar banish ka goge ɗakin tun jiya, ka rufe taga, ka kwantar da zanen a kan tebur, ka ɗauki faffaɗan buroshi mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ba. Ka ja daga gefe zuwa gefe, kowane layi ya ɗan hau na bayansa. In ka hango wurin da ka tsallake, kada ka koma, a hunturu ya riga ya fara kamawa, komawa zai bar sawu. Shafi na biyu zai rufe shi. Siraran shafi biyu sun fi mai kauri ɗaya. In dusasshe kake so, na farko ya zama mai sheƙi, na ƙarshe kawai dusasshe, don garin da ke kashe sheƙin in ya taru yana sa baƙi ya yi toka-toka. In ka gama ka kifa babban kwali a sama, a kan tokari, ba ya taɓa fuskar. Kuma kafin ka taɓa zanen gaske, ka gwada komai a kan wanda ka cire daga zaɓe. Banish ɗin kafintoci na kujera da ƙofa kada ya kusanci zanenka, yana komawa rawaya kuma ba ya fita.

Firem ba dole ba ne. In katakonka mai kauri ne kuma ka shafe gefuna da tsabta, zanen na iya tsayawa haka. In za ka sa, siriri iri ɗaya ga duka, kuma kada gilashi ya taɓa fenti. Ƙarfen ratayewa a ɗaura shi a baya, kashi ɗaya cikin uku na tsayin daga sama.

Wajen naɗi ka riƙe abu ɗaya: kada komai ya kwanta a fuskar zanen. Maris watan zafi ne, cikin rufaffiyar mota akirilik yana laushi, jarida za ta bar masa rubutunta, leda mai ƙurajen iska za ta bar masa tambarinta, zane biyu da aka haɗa fuska da fuska kuwa sai an ɓamɓare su. Ka yi wa kusurwoyi hula da kwali, ka ɗora faffaɗan kwali mai tauri a kan hulunan yadda akwai iska tsakaninsa da fenti, sannan leda daga waje. A mota a tsaye za su tafi, a jere, ba a kwance wani kan wani ba. Ku tashi da asuba, kuma in an tsaya cin abinci a nemi inuwa. In cikin aikinka akwai ayoyi ko sunayen Allah, ka yi wa kwalinsu alama, ka gaya wa masu ɗauka tun kafin su sa hannu, kada a ajiye a ƙasa ko a tsallaka.

Maganar kuɗi a gama ta a rubuce kafin kaya su bar Zariya: kason gidan baje kolin, wanda a wurare da yawa yakan kai daga kashi 30 zuwa 50 cikin 100, wa zai biya mota da bugun kati, wa ke da alhakin abin da ya lalace a hannunsu, yaushe za a biya ka, yaushe za ka kwashe wanda bai shiga ba. Farashi ya bi girma, masu girma ɗaya kuɗinsu ɗaya, ko da kai ka fi son wani. Ka buga takardar jerin zanen kofi biyu, su sa hannu a ɗaya ranar da suka karɓa.

Ranar ratayewa ka iso da jakarka: abin awo, fensir, guduma, ƙusoshi, salatif na takarda, tsumma mai tsabta, ƙananan buroshi biyu da kwalaben launin nan domin gefen da ya gogu a hanya. Ka fara jingina zanen duka a ƙasan bangon da za su hau, ka zagaya, ka sauya musu wuri har sai jerin ya zauna, sannan a buga ƙusa ta farko. Tsakiyar kowane zane ta kasance kimanin santimita 150 daga ƙasa, babba da ƙarami a kan layi ɗaya. Abuja ta fi Zariya danshi, don haka wani ƙyallen na iya ɗan saki, in ka ga haka ka fesa ruwa kaɗan a bayansa ka bar shi ya bushe, yawanci yana komawa. A ƙarshe ka sa a kunna fitilu, ka tsaya inda mai kallo zai tsaya, duk zanen da haske ke dawowa daga fuskarsa ya shiga ido a karkata fitilarsa ta sauko daga sama a gicciye har sheƙin ya faɗi ƙasa.